Duk Watznaueria ne? Muhawara kan tantance kokolit na duwatsun Pindiga

Rukayya Gombe: Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina neman taimako. Ina aikin digiri na biyu kan baƙar lakar dutse ta Pindiga, wadda muka ɗebo a bakin wani rafi a jihar Gombe. Na shafa samfur a gilashi, na duba a maikuroskof a ninki 1000 da mai. Kokolit akwai su, alhamdu lillahi. Amma kusan duk wanda na gani, da na gicciya filtocin haske sai ya fito fari tas, mai siffar ƙwai, da baƙin giciye mai lanƙwasa a kansa. Na san dai jinsin kokolit ɗin da ake kira Watznaueria ne ko danginsa. Tsakiyarsu ce ke ba ni wahala: wani a toshe, wani da ɗan rami, wani ramin ya yi faɗi, wani kuma kamar da 'yar sanda a ciki. Malamina yana son jerin sunayen nau'i-nau'i. Da me zan raba su? Ga hotuna huɗu na sa.

Nura: Wa alaikumus salam Anti. Ku yi haƙuri da ni, ina aji biyu ne. Mene ne kokolit ɗin ma tukuna? Kuma me ya kai abin teku Gombe?

Hajiya Binta: Nura, tambayarka ta yi daidai. A saman ruwan teku akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tak, ido ba ya ganinta. Tana ƙera ƙananan faranta na kalsayit, sinadarin da ke cikin farar ƙasa, ta lulluɓe jikinta da su. Kowane faranti shi ne kokolit. Yawanci ba su wuce maikuron 3 zuwa 15 ba, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. In ta mutu farantan su warwatse su sauka ƙasan teku, su zama laka, lakar ta zama dutse. Fararen duwatsun alli na Doba da ke gaɓar Ingila galibinsu wannan ne. Batun Gombe kuwa, kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce, tsakanin Senomaniyan da Turoniyan, matakai biyu na zamanin da ake kira Kiretashiyos, ruwan teku ya ratso Sahara ya haɗu da na kudu ta kwarin Binuwai. A cikin wannan ruwa lakar Pindiga ta kwanta, shi ya sa ake tsintar burbushin amonayit, wata halittar teku mai naɗaɗɗen kwanso, a yankin Ashaka.

Injiniya Bala: Malama Rukayya, ga amsa a taƙaice, yadda muke yi a wurin aiki. Tsakiya a toshe, barnesiae. Siririn rami ba komai a ciki, fossacincta. Rami mai faɗi, ovata. 'Yan ramuka biyu, biporta. Sanda ta ratsa ta gajeren ɓangare, britannica. In kuma zagayayye ne sosai ba mai siffar ƙwai ba, kin bar Watznaueria kin shiga Cyclagelosphaera. Rubuta ki wuce, lokaci na tafiya.

Dakta Sale: Injiniya, jerin da ka kawo daidai yake, amma ka fara ta inda ya kamata a ƙare. Malama Rukayya ta ce ta san Watznaueria ne. Ni ina so ta iya faɗa wa masu jarraba ta yadda aka yi ta sani. Siffar ƙwai ba hujja ba ce, domin yawancin kokolit haka suke. Dangi ana gane shi ne daga ginin baki, wato yadda ƙwayoyin kiristal suka jeru a zoben da ya kewaye tsakiya.

Bari in ɗan tsawaita, saboda su Nura. A 1992 Jeremy Young da Paul Bown da abokan aikinsu suka nuna cewa irin wannan kokolit yana fara tsiro ne a matsayin siririn zobe na ƙananan kiristal iri biyu, suna bin juna ɗaya bayan ɗaya. Na farko, ginshiƙin kiristal ɗinsa a tsaye yake, yana kallon sama, shi ake kira V. Na biyu, ginshiƙinsa a kwance yake, yana nuni daga tsakiya zuwa waje, shi ne R. Daga wannan zobe kowane dangi ya ɗauki hanyarsa: wani V ne ke girma ya mamaye, wani R. Amfanin abin a gare mu shi ne ana ganinsa da maikuroskof na haske. In kokolit ya kwanta a gilashi, haske yana bi ta tsawon ginshiƙin V, saboda haka a XPL, wato idan an gicciya filtocin haske, sai ya yi duhu. R kuwa haske yana ratsa shi ta gefe, sai ya haskaka.

Dangin Watznaueriaceae suna da garkuwa biyu, ta sama da ta ƙasa, kamar faifai biyu da aka haɗa da ɗan gajeren bututu a tsakiya. Garkuwar sama R ce, ta ƙasa ma R ce, shi ya sa kike ganin farin nan mai ƙarfi har wani lokaci ya ja zuwa rawaya in ya yi kauri. V bai ɓace ba, amma ya tsuke ya zama siririn zobe na 'yan turaku kusa da bututun. Sannan ƙwayoyin garkuwar ba a miƙe suka fito ba, kowace ta hau kafaɗar ta kusa da ita, wannan ne ke lanƙwasa hannayen baƙin giciyen. Ki duba hotonki na ɗaya: tsakanin farin garkuwa da farin zoben ciki akwai wani siririn layi mai duhu-duhu. Wannan layin shi ne shaidarki.

Rukayya Gombe: Na gan shi ranka ya daɗe. A na ɗaya da na biyu ya fito sarai. A na uku kuwa babu, kuma garkuwar toka-toka ce, zoben ciki kaɗai ke haske.

Dakta Sale: To na ukun ba ɗan gidan ba ne. Garkuwa mai duhu, ƙwayoyinta a miƙe ba su hau juna ba, zoben ciki mai haske: ki nemi dangin Biscutaceae, ina kyautata zaton Biscutum ne. Ki kashe filta ɗaya ki duba shi da hasken fes kontras, saitin maikuroskof da ke fito da siffar abin da haske ke ratsawa, za ki ga garkuwar ta fito baƙa da layukanta a fili. Da an bi girman ramin tsakiya kawai, da ya shiga layin fossacincta ba wanda ya lura.

Injiniya Bala: Dakta, ban ƙi ba. Amma wanda ya shekara goma yana kallon waɗannan abubuwa ba ya tsayawa lissafin V da R, ido ne ke gane su nan take. A kan rijiyar mai ana haƙa, ana jiran ka faɗi zamanin da aka kai kafin a sa bututu. Wa zai ba ka lokacin wannan bayani?

Dakta Sale: Idon naka abin da yake gani nan take shi ne V da R ɗin, sunan ne kawai ba ka kira. Ɗaliba kuwa ba ta da shekara goman, dole a ba ta dalili. Kuma kai da ke aiki a Neja Delta ka fi kowa sanin inda hatsarin yake. Reticulofenestra ma fari ne tas a XPL, mai siffar ƙwai, domin danginsa na Noelaerhabdaceae su ma R ne ya mamaye. Amma su sai a zamanin Iyosin suka bayyana, miliyoyin shekaru bayan Kiretashiyos, tsakiyarsu da siririyar raga, V ɗinsu kuma ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Kama ce ta zo ɗaya, asali daban.

Injiniya Bala: Wannan gaskiya ne, kuma kullum muna cin karo da shi. A lakar Agbada ta zamanin Mayosin, wanda ya zo bayan Iyosin, sai ka ga Watznaueria barnesiae zaune kusa da Reticulofenestra da Discoaster. Ruwa ne ya kankaro shi daga tsofaffin duwatsun Kiretashiyos na tudu ya sake zuba shi a delta. Sabon ma'aikaci in bai raba su ba, ko dai ya tsufar da rijiyar da shekara miliyan hamsin, ko ya ƙirga baƙo a cikin 'yan gida. Mu layi daban muke ware musu a takarda. Amma har yanzu ina kan bakana: ita sunayen nau'i aka tambaye ta, kuma sunayen nan a tsakiya suke.

Malam Isufu Tawa: Salamu alaikum. Ni abin da ya fi damuna a saƙon Malama Rukayya shi ne inda ta ce "kusan duk wanda na gani". Nan ya kamata a tsaya. Watznaueria barnesiae yana cikin masu taurin kai wajen narkewa. In ruwa mai tsami ya ratsa dutse, ko rana da damina suka daɗe suna cin sa a bakin rafi, masu laushi irin su Biscutum constans da ƙananan Zeugrhabdotus su ne ke fara tafiya, shi ya rage. Roth da Krumbach a 1986 sun ce in ya haura kashi 40 cikin ɗari na abin da aka ƙirga, a yi zargin narkewa ta taɓa samfurin. Malama, kin ƙirga kuwa? A ƙirga 300 a jere, ba zaɓe.

Hajiya Binta: Malam Isufu, kashi 40 ɗin nan ba a haɗu a kansa ba. An samu samfura masu kyau, ba alamar narkewa, amma barnesiae ya wuce haka, domin a wasu ruwaye marasa abinci sosai shi ne dama ya fi yawa tun yana raye. Kuma tekun Binuwai ba buɗaɗɗen teku ba ne, siriri ne mara zurfi, koguna na zuba a ciki. Ƙarancin nau'i a irin wannan wuri zai iya zama na asali. Ni dai in za a yanke hukunci, a haɗa da kallon jikin kokolit ɗin: bakinsa ya zaizaye? Akwai garkuwoyi da suka rabu biyu?

Malam Isufu Tawa: Na yarda ba doka ba ce Hajiya, ƙararrawa ce. Amma ga inda ya shafi jerin Injiniya. Narkewa ta fi cin tsakiya, domin can ne ya fi siranta. Barnesiae da aka ci cibiyarsa sai ya yi rami, a kira shi fossacincta. Britannica da sandarsa ta karye ta faɗi, shi ma a kira shi fossacincta ko ovata. A dutsen farar ƙasa kuma akasin haka ke faruwa, sabon kalsayit ya hau ya toshe ramin, mai rami ya koma barnesiae. Wato abin da muke raba nau'i da shi shi ne abin da ya fi saurin lalacewa. Baki kuwa yana jurewa, shi ya sa maganar Dakta ta dangi ta fi tsayawa da ƙafarta.

Injiniya Bala: To sai a ce kada ta rubuta suna ko ɗaya ke nan? Malaminta ba zai karɓi takarda mai layi ɗaya ba.

Dakta Sale: Ba haka ba. Ta rubuta sunan inda ta ga alamar a fili, ramin da bakinsa ya fito sumul, zoben ciki cikakke ba gutsure. Wanda bakin raminsa ya yi kaca-kaca ta sa shi a Watznaueria spp., wato jinsi kawai ba sunan nau'i, ta faɗi dalili. Kuma ta sa layi guda na darajar adanuwa ga kowane samfur: mai kyau, matsakaici, mara kyau. Jeri mai suna takwas da rabinsu narkewa ce ta ƙirƙiro su ya fi gajeren jeri cutarwa, domin wani zai zo ya gina bayanin yanayin teku a kansa.

Sannan batun hoto na huɗu, mai kamar sanda. Sandar britannica kiristal ce daban da ta baki. Ki juya teburin maikuroskof a hankali. In sanda ce ta gaske, za ki ga tana haskakawa tana dushewa a nata lokacin, tana nan daram a gajeren ɓangare. Ki sa farantin jipsam ma, launinta zai taimaka. In kuwa hannayen baƙin giciye ne suka haɗu a tsakiya suka yi kama da sanda, da kin juya digiri 45 za ta watse. Ki lura kuma, britannica ɗan Jurasik ne da farkon Kiretashiyos, ya fara tun wajen Bajosiyan a tsakiyar Jurasik, kuma a Senomaniyan ake ganin ƙarshensa. In ya tabbata shi ne, ko dai samfurinki daga ƙasan jerin yake, ko an kwaso shi daga tsohon dutse.

Nura: Dakta, in haka ne me ya sa ba za a sa a SEM, maikuroskof na lantarki, kawai a huta ba? Ai can komai yana fitowa ɓaro-ɓaro.

Dakta Sale: SEM yana nuna fuska, ba ya nuna inda ginshiƙin kiristal ya dosa. Zai nuna maka 'yan turakun V da yadda ƙwayoyi suka hau juna, abin sha'awa ƙwarai, amma fari da duhun nan sai a XPL. Kuma fuska ɗaya kake gani, ta sama ko ta ƙasa. A shekarun 1960 an sha ba abu ɗaya suna biyu saboda wannan ya kwatanta shi da na'urar lantarki, wancan da ta haske. A wannan dangi ma Reinhardt ya kafa Watznaueria a 1964, Noël ta kafa Ellipsagelosphaera a 1965, aka daɗe ana amfani da duka biyun, yanzu yawancin masu aikin sun mayar da na biyun cikin na farko. In ka ga Ellipsagelosphaera britannica a tsohuwar takarda, shi ne dai wannan da muke magana.

Rukayya Gombe: Mu dama tamu SEM ɗin ta daɗe ba ta aiki, sai an kai samfur wani gari an biya. Zan zaɓi guda biyu mafi kyau in kai daga baya. Yanzu dai na yi abin da aka ce. A samfurin farko na ƙirga 300, Watznaueria ya kusa kashi uku cikin huɗu, da yawansu bakinsu a zaizaye. Na juya teburi a kan mai sandar, ta watse, ashe giciyen ne. Sai na fasa wani dunƙule daga ƙasan ramin da muka haƙa, na kankaro daga cikinsa inda iska ba ta taɓa ba. Wannan ya bambanta sosai. Watznaueria bai kai rabi ba, ga Biscutum, ga Eiffellithus turriseiffelii, ga Eprolithus floralis da yawa, har da wani mai kusurwa huɗu da nake zaton Quadrum ne.

Malam Isufu Tawa: Madalla. To kin ga dutse ɗaya ne, saman ya sha ruwa da rana. Wane ruwa kike shafawa da shi? In tataccen ruwa ne a ɗiga masa ɗan amoniya, domin in ya daɗe a buɗe yana ɗan yin tsami, kuma waɗannan abubuwa ba sa son ko kaɗan. Tsinken sakace sabo ga kowane samfur, a busar da wuri a kan farantin zafi.

Injiniya Bala: Yanzu aka zo wurin. Mai kusurwa huɗun nan ya fi duk Watznaueria ɗinki daraja wajen sanin zamani. Barnesiae ya rayu tun tsakiyar Jurasik har ƙarshen Kiretashiyos, kusan shekara miliyan ɗari, ba abin da zai gaya miki illa "Mesozoyik", babban zamanin da ya ƙunshi duka biyun. Quadrum gartneri kuwa, a tsarin Sissingh na 1977 da ya raba Kiretashiyos kashi-kashi da lambobi, bayyanarsa ce farkon kashi na CC11, wato farkon Turoniyan. In babu Micula staurophora ba ki kai CC14 ba. Ki ɗauko mana hotonsa a miƙe da kuma a digiri 45.

Hajiya Binta: A yi hattara da "babu" ɗin nan Injiniya. A ruwa irin na Binuwai, rashin ganin nau'i ba ya nufin lokacinsa bai zo ba, ƙila ruwan ne bai yi masa ba. A haɗa da amonayit da foram, wasu ƙananan halittun teku masu kwanso, kafin a buga hatimi. Kuma Quadrum ɗin ba ya shiga lissafin V da R na Dakta kai tsaye, shi da Eprolithus da Micula nanolit ne, wato ƙanana irin kokolit amma ba masu ginin faranti ba, na dangin Polycyclolithaceae, gininsu daban.

Garba Sakkwato: Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata ta ɗan kauce. Ni duwatsun Dange da Kalambaina nake sha'awa, na Faliyosin, zamanin da ya biyo bayan Kiretashiyos. In na ga ɗan dangin Watznaueria a ciki, kai tsaye zan ce kwasowa aka yi daga duwatsun Dukamaje na Kiretashiyos ko wani tsohon dutse? Na ji an ce duk sun mutu tare da dinoso.

Dakta Sale: Malam Garba, ba duka ba. Abin da ya faru shekara miliyan 66 da suka wuce ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kokolit, Watznaueria yana cikin waɗanda ake ɗauka sun tafi, don haka shi in ka gan shi a Faliyosin ka sa shi a layin kwasowa. Amma Cyclagelosphaera ya tsallake, har ma ya yawaita a farkon Daniyan, matakin farko na Faliyosin, a wurare da dama, tare da irin su Braarudosphaera da Neocrepidolithus. Ana ganin abin da ya cece su shi ne zamansu a ruwan gaɓa, inda suka saba da canjin yanayi. Abin da ya fi burge ni a tarihin dangin nan shi ne an daɗe ana zaton Cyclagelosphaera ya ƙare a Iyosin, sai a 2015 Kyoko Hagino da abokan aikinta suka sake gano Tergestiella adriatica da ransa a ruwan gaɓar Japan da na ƙasar Kuroshiya (Croatia). Kamptner ne ya fara kwatanta shi daga tekun Adiriyatik a farkon shekarun 1940. Da aka duba gininsa, zagayayye ne, garkuwoyi na R, ga siririn zoben V, ginin Cyclagelosphaera sak. Da ginin baki aka gane shi bayan tazarar shekaru miliyoyi da ba a ga sawunsa a dutse ba.

Malam Isufu Tawa: Garba, mu ma a wajen Malbaza irin duwatsunku ne, kwari ɗaya ne na Iullemmeden. Shawarata kada ka fara da farar ƙasar Kalambaina ɗin kanta, sabon kalsayit ya hau komai a ciki. Ka nemi siraran shimfiɗun laka masu ɗan farar ƙasa da ke tsakani, ka ɗiga asid ka ga ko za ta yi kumfa. Wadda ba ta yi kumfa ba kada ka ɓata gilashinka.

Garba Sakkwato: Na gode malamai. To in na samu zagayayye, yaya zan raba Cyclagelosphaera da Markalius? Na ga shi ma zagayayye ne kuma ya tsallake.

Dakta Sale: Ka gicciya filtoci. Markalius inversus garkuwarsa duhu ce, tsakiyar kaɗai ke haske da miƙaƙƙen baƙin giciye a kanta. Cyclagelosphaera garkuwar gaba ɗaya fara ce, hannayen giciyen a lanƙwashe har baki. In ka samu ka turo hoton XPL da na fes kontras na abu ɗaya, kuma ka sa ma'aunin maikuron a gefe.